Federico Faggin: Injiniyan da Ya Zana Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Hannunsa

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin mai gyara ya ji ana ambaton ayisi, wato ƙananan ƙwayoyin nan baƙaƙe da ke manne a jikin allon waya. A cikinsu akwai guda ɗaya wadda ita ce uwa, ita ke karɓar umarni, ta yi lissafi, ta raba wa sauran aiki. Masana na kiranta maikrofurosesa, mu kuwa mun saba cewa ƙwaƙwalwar na'ura. Tana cikin waya da kwamfuta, tana cikin na'urar cire kuɗi, da mota, da mitar wutar lantarki. Ga ta a ko'ina har mun daina ganinta, alhali sai a shekarar 1971 aka fara sayar da irinta a kasuwa. Mutumin da ya jagoranci zana ta farkon, ya shimfiɗa sassanta ɗaya bayan ɗaya a kan silikon, ɗan ƙasar Italiya ne mai suna Federico Faggin (ana furta sunan Fajjin). Tarihin aikinsa muke so mu bi da mai karatu, musamman ɗalibanmu da iyayen da ke zaɓar musu fannin karatu, domin a cikinsa akwai tambayoyi biyu masu nauyi: wa ke da haƙƙin a kira shi mai abu idan hannu da yawa sun taɓa shi, kuma mene ne ainihin wannan abin da muke kira ƙwaƙwalwa?

An haifi Faggin a birnin Vicenza da ke arewacin Italiya ranar 1 ga Disamba, 1941, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa, Giuseppe Faggin, malamin falsafa ne, kuma shi ya fassara rubuce-rubucen Plotinus, wanda Larabawa ke kira Aflutin, zuwa harshen Italiyanci. Ɗaliban tarihin tunani a duniyar Musulunci sun san wannan suna ta wata hanya mai ban mamaki. A ƙarni na tara na Miladiyya an juya wani sashe na rubutun Aflutin zuwa Larabci a da'irar al-Kindi a Bagadaza, amma littafin ya yi ta yawo ɗaruruwan shekaru da sunan Aristo, ana jingina wa wani aikin wani. Mai karatu ya riƙe wannan, domin ɗan mai fassarar ma zai ɗanɗani irin haka.

Uban ya so yaron ya bi hanyar adabi da tsofaffin harsuna, yaron kuwa hankalinsa na kan ƙera ƙananan jiragen sama na wasa. Ya zaɓi makarantar fasaha ta Alessandro Rossi a garinsu, ya karanci fannin rediyo da lantarki. Yana ɗan shekara 19 ya samu aiki a kamfanin Olivetti kusa da Milan, inda ya taimaka wajen zana wata ƙaramar kwamfuta ta gwaji, ya kuma jagoranci haɗa ta. A nan ya lura cewa ya iya haɗa abubuwa amma bai san dalilin da ya sa suke aiki ba. Sai ya bar albashi ya koma makaranta, ya yi digiri a kimiyyar fizika a Jami'ar Padua, ya kammala a 1965 da daraja mafi girma. Wannan mataki ya cancanci a tsaya a kansa. Da yawa daga cikin samarinmu masu basirar hannu suna ganin komawa aji ɓata lokaci ne, masu digiri kuma suna ganin riƙe ƙarfen liƙi ƙasƙanci ne. Duk abin da Faggin ya yi daga baya ya yiwu ne saboda ya haɗa biyun.

Ƙofar silikon

Don a fahimci aikinsa, sai an san abin da ake kira tiransista. Tsofaffinmu sun san kalmar daga rediyo. A taƙaice makunni ne ɗan mitsitsi wanda ba hannu ke kunna shi ba, wutar lantarki ce. Yana da mashiga da mafita, a tsakaninsu kuma akwai ƙofa. Idan aka sa wa ƙofar 'yar wuta, hanya ta buɗe. Idan aka janye, ta rufe. Buɗewa ita ce ɗaya, rufewa ita ce sifiri, kuma duk abin da kwamfuta ke yi, daga lissafin gado zuwa nuna hoto, tarin waɗannan ɗaya da sifiri ne.

A shekarun 1960 da alminiyam ake yin ƙofar, kuma a nan matsalar take. Kafa mashiga da mafita a jikin silikon na buƙatar zafin da ya kai kusan digiri 1,000, alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660. Dole sai an gama gashin sannan a ɗora ƙofar daga ƙarshe, kuma da yake ba a iya saita ta daidai ƙwarai, sai a faɗaɗa ta ta hau kan gefunan biyu don kada ta kuskure. Wannan hawan kan yana rage gudu, yana cin fili. Wasu masu bincike, ciki har da na ɗakin binciken Bell, sun riga sun hango cewa idan da silikon aka yi ƙofar kanta, za ta jure wuta, a fara ɗora ta, ita kuma ta zama ma'aunin da mashiga da mafita za su tsaya a gefenta ba tare da an saita ba. Hangen yana nan, amma ba wanda ya mayar da shi hanyar da masana'anta za ta bi ta fitar da kaya masu inganci.

Faggin ya shiga kamfanin SGS-Fairchild a Italiya a 1967, a farkon 1968 aka tura shi ɗakin binciken Fairchild da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka. A cikin wannan shekarar ya tsara matakan aikin daga farko har ƙarshe, ya warware yadda za a shimfiɗa silikon ɗin da yadda za a sassaƙe shi, sannan ya zana ƙwaya ta farko da aka sayar da wannan fasaha, mai lamba 3708. Ta fi takwararta mai ƙofar alminiyam gudu ninki-ninki, ta kuma fi ta riƙe wuta. Kusan duk ƙwayoyin da aka ƙera a shekaru arba'in da suka biyo baya a kan wannan hanya suka tafi. A daidai lokacin, manyan Fairchild biyu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka fita suka kafa Intel, kuma a kan ƙofar silikon sabon kamfanin ya ɗora kasuwancinsa. Faggin ya bi su a watan Afrilu na 1970.

Wata tara

Abin da ya tarar a Intel aiki ne da ya yi kwantai. Tun a 1969 wani kamfanin Japan mai ƙera kalkuleta, Busicom, ya kawo kwangilar ƙwayoyi da yawa, kowacce da aikinta na musamman. Injiniyan Intel Ted Hoff ya duba ya ga abin ya yi yawa ga ƙaramin kamfani, sai ya kawo shawara mai kyau ƙwarai: a rage su zuwa huɗu, ɗaya ta zama mai sarrafa komai, wadda za a sauya mata aiki ta hanyar sauya umarnin da aka rubuta mata. Shi da Stanley Mazor, tare da injiniyan Busicom Masatoshi Shima, suka tsara jerin umarnin da fasalin ginin a takarda. Daga nan aikin ya tsaya cak na tsawon watanni, domin Hoff ba mai zana ƙwaya ba ne, kamfanin kuma hankalinsa na kan ƙwayoyin ajiyar bayanai, waɗanda su ne ke kawo kuɗi.

Kwanaki kaɗan da fara aikin Faggin, Shima ya sauka daga Japan don ya duba zanen da ya ɗauka an gama. Ya tarar ba a ɗaga ko tsinke ba. Ya fusata, sabon ma'aikacin da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya sha faɗan. Faggin ya zauna ya fitar da sabon jadawali, ya nemi Shima ya tsaya ya taya shi, Busicom ta amince. Shi da kansa ya ce a watannin da suka biyo yana yin awa 70 zuwa 80 a mako.

A nan ne ya kamata mu bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Fasalin gida a takarda, cewa ga falo ga ɗakuna uku ga matakala, abu ne guda. Tsayar da benen a kan fili ɗan ƙarami, da tubalin da ba a taɓa gina bene da shi ba, wani abu ne daban. A lokacin babu wata hanya sananniya ta zana da'irorin lissafi masu sarƙaƙiya da ƙofar silikon; sai da Faggin ya ƙirƙiro ta yana cikin aikin. Ya shigo da dabarar haɗa ƙofa kai tsaye da jikin silikon ba tare da an bi ta ƙarfe ba, abin da ya rage fili sosai, da wata dabarar da ke sa wuta ta kai cikakken ƙarfinta a mafita, wadda ake ganin ba za ta yiwu da ƙofar silikon ba sai an ƙara tsada. Ba don waɗannan biyun ba, da ƙwayar ta yi girman da ba za a iya ƙera ta a riba ba, ko ta yi nawar da ba za ta amfanar ba.

Kuma babu manhajar zane irin ta yau. Da fensir da abin ja layi ake zanawa a kan manyan takardu, an ninka girman sau ɗaruruwa, sannan a yanke siffofin da wuƙa a kan wata jar leda, a ɗauki hotonsu a ƙanƙance. Kowane hoto ya zama mayafi ɗaya da ake ɗorawa a kan faifan silikon a haska, kamar yadda marini ke ɗaure wani sashe na yadi don kada baba ta kama shi, ya tsoma, ya kwance, ya sake ɗaure wani wurin. Layi ɗaya ya karkace, an yi asarar makonni.

Ƙwayoyi ukun farko, 4001 da 4002 da 4003, sun fito lafiya kafin ƙarshen 1970. A kwanakin ƙarshe na Disamba aka kawo faifan 4004, uwar tafiyar. Faggin ya ɗora a kan na'urar gwaji, shiru. Ya gwada wata, shiru. Da ya duba a madubin ƙara girma sai ya ga a masana'anta an tsallake mayafi guda, don haka ƙofofi da yawa ba su haɗu da komai ba. Sai a Janairun 1971 aka kawo sababbi. Ya kwana shi kaɗai a ɗakin gwaji har wajen asuba, yana bin sassan ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa. Kurakuran da suka rage ƙanana ne, aka gyara, a watan Maris aka miƙa wa Busicom.

Ga abin da ya fito: ƙwaya mai faɗin milimita 3 da tsawon milimita 4, ba ta kai ƙwayar wake ba, ɗauke da tiransista kimanin 2,300, tana iya zartar da umarni har kusan 92,000 a daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar da Apple ya sa a wata wayarsa ta 2023 tana da tiransista biliyan 19, amma jika ce ga waccan. A wani lungu na zanen, Faggin ya sa haruffa biyu, F.F., yadda magini kan dangwala sunansa a siminti kafin ya bushe.

Da farko Busicom ce kaɗai ke da ikon amfani da ita. Faggin, wanda ya riga ya gwada ta a wata na'urar gwaji ta cikin gida ya ga ta dace da abin da ba kalkuleta ba, yana cikin waɗanda suka matsa wa shugabannin Intel su karɓo 'yancin sayar da ita ga kowa. Busicom na cikin matsin kuɗi, ta yarda a kan sassauci da ya kai kimanin dala 60,000. Ranar 15 ga Nuwamba, 1971 aka yi tallar 4004 a jaridar Electronic News. Busicom ta durƙushe a 1974. Abin da ta saki a kan wannan ɗan kuɗi shi ne tushen arzikin Intel.

Adalci ya sa mu ce a wannan zamanin akwai wasu da ke kan hanya ɗaya. Kamfanin Texas Instruments na da nasa yunƙurin a 1971, kuma akwai wani tsarin ƙwayoyi da aka yi wa jirgin yaƙin Amurka F-14 wanda aka ɓoye labarinsa har 1998. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne 4004 ce ta farko da aka haɗa a ƙwaya guda aka kuma sayar wa kowa a kasuwa.

Kura da shan bugu

Bayan 4004, Faggin ya jagoranci fitar da 8008 a 1972, sannan ya kawo shawarar 8080, wadda ya ce sai da ya yi wata tara yana jiran izini kafin a bar shi ya fara. Ya ɗauko Shima daga Japan ya yi zanen a ƙarƙashinsa, ta fito a 1974. Ita ce aka sa a cikin Altair 8800, kwamfutar da Bill Gates da Paul Allen suka rubuta wa manhajarsu ta farko suka kafa Microsoft a 1975. Amma shi Faggin ya gaji da zama ɗan bora a kamfanin da ke ganin ƙwaƙwalwar na'ura hanya ce kawai ta sayar da ƙwayoyin ajiya. A ƙarshen 1974 ya fita, shi da Ralph Ungermann suka kafa Zilog, kamfanin mai na Exxon ya zuba musu jari.

Daga nan sunansa ya fara dushewa a tarihin da Intel ke bayarwa. Shekara da shekaru, a talla da hira da littattafan makaranta, Ted Hoff ake nunawa a matsayin wanda ya ƙirƙiro maikrofurosesa, wanda ya fita ya zama abokin gasa kuwa ba a cika ambatonsa ba. Matarsa Elvia ce ta ɗauki abin da zafi, ta yi ta tattara takardu da shaidun waɗanda aka yi aikin a gabansu, tana rubuta wa 'yan jarida, daga baya ta buɗe shafi a intanet don wannan kawai. A hankali aka gyara. A 1996 aka shigar da Faggin da Hoff da Mazor zauren girmama masu ƙirƙira na Amurka. A 1997 aka ba su lambar yabo ta Kyoto su huɗu har da Shima. A Nuwamban 2010 Shugaba Barack Obama ya rataya wa ukun farko lambar fasaha ta ƙasa.

Ra'ayinmu a nan shi ne kada a gyara zalunci da wani zaluncin. Shawarar Hoff ta gaskiya ce, ba don ita ba da babu abin da za a zana. Shima ya rubuta manhajar kalkuletar, ya duba da'irorin, kuma sau da yawa shi ne ake mantawa ko a yau. Sai dai mutane na da wata ɗabi'a ta ɗaukaka wanda ya faɗi abu a kan wanda ya aikata shi, kamar dai aikatawa bin umarni ne kawai. A wannan ƙissa ba haka ba ne. Tunanin haɗa kwamfuta a ƙwaya guda yana yawo a bakin injiniyoyi da dama a ƙarshen shekarun 1960. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai iya. Muna ganin irin wannan a kusa da mu: littafin da almajiri ya yi wahalar tattarawa ya fito da sunan wani shi kaɗai, binciken da ɗalibi ya kwana a kansa ya zama na shugaban sashe. Suna a kan aiki haƙƙi ne, kuma albashi ba ya share shi.

Z80

A Zilog ne Faggin ya yi abin da da yawa ke ɗauka gwanintarsa mafi cika. Ya tsara Z80, Shima ya sake biyo shi ya yi zanen da'irorin, ta shiga kasuwa a Yulin 1976 da tiransista kimanin 8,500. Hikimarta ta mai sanin wahalar masu saye ce. Tana gudanar da kusan duk manhajojin da aka rubuta wa 8080, don haka ba wanda zai zubar da abin da ya mallaka. Ita 8080 tana buƙatar wuta iri uku, Z80 kuwa bolt biyar kawai take so. Ta kuma haɗiye wasu ayyukan da a da sai an sayi ƙarin ƙwayoyi, sai kuɗin haɗa kwamfuta ya faɗi.

Ta shiga TRS-80 a Amurka a 1977, ta shiga ZX Spectrum a Ingila a 1982, ta shiga na'urorin wasa da na kiɗa da na masana'antu. Ita ce kuma ke cikin kwamfutocin tsarin MSX, waɗanda kamfanin al-Alamiyya na Muhammad al-Sharikh ɗan Kuwait ya mayar da su na Larabci da sunan Sakhr a shekarun 1980. A kan waɗannan ne yara da yawa a ƙasashen Larabawa suka fara ganin haruffansu a allon kwamfuta, kuma a kansu aka fitar da ɗaya daga cikin manhajojin Alƙur'ani na farko.

Nasarar ba ta ɗore wa kamfanin ba. Da IBM ta tashi fitar da kwamfutarta ta ofis da gida a 1981, ƙwayar Intel mai lamba 8088 ta zaɓa, kasuwar duniya kuma ta bi ta. Faggin ya riga ya bar Zilog a wajen wannan lokaci. Ya kafa wani kamfanin sadarwa, Cygnet, a 1982, wanda bai yi nisa ba. A 1986 shi da Farfesa Carver Mead na Caltech suka kafa Synaptics, kuma daga can ne a tsakiyar shekarun 1990 faifan shafawar nan ya fito, wanda ke ƙasan madannai a kwamfutar tafi-da-gidanka, ake jan yatsa a kai.

Shin tana ji?

Ba don faifan shafawa aka kafa Synaptics ba. Manufar farko ita ce ƙera ƙwayoyi masu kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, masu koyo daga misalai, wato kakannin abin da yau ake kira ƙirƙirarriyar basira. Wannan ya sa Faggin ya duƙufa karatun ilimin ƙwaƙwalwa, kuma a nan ya ci karo da wani giɓi. Littattafan suna bayanin yadda saƙo ke tashi daga hanci ko harshe ya bi jijiya a matsayin lantarki da sinadari, amma ba su bayyana yadda wannan saƙo ke zama ƙamshin da mutum ke ji ko ɗacin da yake ɗanɗana ba. Ya ɗauki abin a matsayin matsalar injiniya: idan ƙwaƙwalwa na'ura ce kawai, to ya kamata shi da ya san na'ura ya iya zana mai ji. Ya yi shekaru yana juya ta, ya kasa gano ko ta ina za a fara. Na'ura za ta iya tantance sinadarin turare ta rubuta sunansa daidai, amma sunan wata alama ce da ta fito daga wata alamar. Ba inda ƙamshi ya shiga.

A wannan tsakanin, kamar yadda ya rubuta a tarihin rayuwarsa mai suna Silicon, ya samu kansa da dukiya da suna da iyali lafiya, amma babu natsuwa. Ya ba da labarin wani dare a ƙarshen 1990 a bakin tafkin Tahoe da ya ji wani yanayi a ƙirjinsa wanda ya sauya masa kallon kansa da duniya. A 2011 shi da matarsa suka kafa gidauniya don tallafa wa binciken shu'uri, wato ji da kuma sanin cewa ana ji. Ya yi aiki da masanin fizika Giacomo Mauro D'Ariano a kan wata nazariyya, ya kuma fitar da littafin Irreducible da Turanci a 2024. Matsayinsa shi ne kwamfuta, komai girmanta, ba za ta taɓa ji ko ta fahimta ba, kuma shu'uri ba daga kwayoyin jiki yake tsirowa ba. Masana da yawa ba su yarda da shi ba, wasu na ganin lokaci ne kawai ya rage.

Mu a nan muna raba maganarsa biyu. Abin da ya faɗa game da na'ura shaida ce ta mai sana'a a kan sana'arsa, kuma tana da nauyi. Wannan mutum ya san babu komai a cikin 4004 sai makunnai 2,300 da shi ya jera su, ya kuma san biliyoyin da ke cikin na'urorin yau makunnai ne irinsu, sun ƙaru a yawa da gudu ne kawai. A lokacin da 'ya'yanmu ke hira da manhaja suna kai mata damuwarsu, wasu har suna neman fatawa a wurinta kamar wadda ta san abin da take faɗa, yana da amfani su ji daga bakin maƙerin cewa kalmar ƙwaƙwalwa da muka ara mata aro ce. Amma abin da ya gina a kan haka game da asalin samuwa, inda yake ganin shu'uri guda ne ke bayyana kansa a cikin komai, wannan ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga fagen aƙida, kuma ba tamu ba ce. Mai karanta shi da sanin falsafa zai ji ƙamshin Aflutin a ciki. Yaron da ya guje wa littattafan mahaifinsa ya tsufa a bakin ƙofarsu. Gwanintar mutum a silikon ba ta mayar da shi hujja a kan ruhi, wanda aka sanar da mu cewa ɗan kaɗan aka ba mu na iliminsa. Ɗalibi zai iya karɓar ta farkon ya ajiye ta biyun ba tare da ya raina mai maganar ba.

A shekarar da littafin ya fito da Turanci, a watan Afrilu, Zilog ta aika wa abokan cinikinta sanarwar cewa za ta daina ƙera Z80 ta asali, domin masana'antar da ke gasa mata faifan silikon ta daina wannan tsohon aiki. Aka ba masu buƙata zuwa watan Yuni su yi odar ƙarshe. Ƙwayar ta yi shekara 48 ana sayar da ita, a kasuwar da waya ke tsufa cikin shekara uku. Jikarta mai suna eZ80 tana nan ana ƙerawa, tana cikin wasu kalkuletocin Texas Instruments da ɗalibai ke shiga jarrabawa da su.